A duba mana abin da Yaƙin Hitila ya bari a filayen jirgin Kano da Maiduguri

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani tarihi da muke takawa kullum ba mu kula ba. Mu dai in an ce Yaƙin Duniya na Biyu sai hankalinmu ya tafi ƙasar Bama, wato Burma, da kakanninmu da aka kwasa aka kai can, amma fa yaƙin nan ya bi ta kanmu a nan gida, ta sama. Tun 1940 da hanyar tekun Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai suka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan matuƙa su taso su yada zango a Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, su ratsa Al-Junaina da Al-Fashir zuwa Khartum har Alƙahira. Jirage sama da 5,000 suka bi ta nan kafin ƙarshen 1943.

To kuma ba wai hankali kwance ake yi ba. Nijar a lokacin tana hannun Faransawan Vichy masu ɗasawa da Jamus, ka ga kenan Damagaram da ke nan kusa ɓangaren abokan gaba ce, Chadi ce ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agustan 1940 ƙarƙashin gwamna Félix Éboué. A Janairun 1942 wani jirgin Jamus guda ɗaya tak ya ratso Sahara daga Libiya ya zubawa filin jirgin Fort Lamy bamabamai ya ƙone musu man jirgi mai ɗimbin yawa. Zango ɗaya ne fa tsakaninsa da Maiduguri! Duk filin da aka tara jirage da mai a irin wannan hali dole a tsare shi, kuma tsaro yana barin sawu a ƙasa.

Kalli yadda Turawan Ingila suka yi da nasu. A 1940 zuwa 1941 sun gina 'yan ɗakunan kankare masu tagogin harbi kusan 28,000 a faɗin ƙasarsu, da yawa a kewayen filayen jirgi saboda tsoron sojojin laima, tsoron da ya tabbata a Mayun 1941 da Jamusawa suka diro tsibirin Kirit na ƙasar Girka suka ƙwace filin jirgin Maleme, daga nan tsibirin gaba ɗaya ya tafi. Cikin ɗakunan kankaren nan na Ingila wanda ya fi burge ni shi ne wani da ake kira Pickett-Hamilton, bututun kankare ne biyu ɗaya cikin ɗaya an binne su a tsakiyar fili, murfin daidai da ƙasa har jirgi ya bi ta kai ba matsala, in abokan gaba sun sauka sai sojan da ke ciki su ɗaga shi da jak ya leƙo sama su buɗe wuta. Dabara kam ta yi, sai dai ruwa ya riƙa cika su. Har yau ana tono su. Daga 1995 zuwa 2002 'yan sa kai ne kawai, ɗaruruwa, suka bi ƙasar lungu-lungu da awo da kamara suka rubuta wurare kusan 20,000 na tsaron yaƙi.

Mu me zai hana? Aikin nan ba sai an kashe biliyoyi ba wallahi. Ramin ɓuya ko gurbin bindigar kakkaɓo jirage ko an cike shi ƙasar wurin ba ta komawa yadda take, da damina ciyawar kansa ta fi kore, daga sama ana ganin zanensa sarai. A nemo tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgi a zamanin, a ɗora kan hoton tauraron ɗan adam na yau, sai a san inda za a dosa. Sannan a zauna da dattawan unguwannin da ke kewaye da filin, wasu iyayensu ne suka yi leburanci a wurin.

Kirana ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, su nemi izinin sojan sama da hukumar filayen jirgi tunda ba wurin da ake shiga haka kawai ba ne, su fara da Kano, don gini ya riga ya cinye kewayen filin kuma mai katafila ba ya tambayar tsohon kankare na waye kafin ya fasa. Duk abin da aka samu, ko kwanson harsashi ne ko guntun waya mai ƙaya, a rubuta inda aka tsince shi a kai Gidan Makama yara 'yan makaranta su gani.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano.