Wasiƙa zuwa ga aminina kan manhajojin kwaikwayon masana'antar sinadarai

Assalamu alaikum Injiniya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya fama da ɗalibai? Saƙonka ya iso, na kuma ga damuwarka cewa za ka koyar da tsara masana'anta alhali ba ku da lasisin Aspen Plus ko HYSYS, manhajojin kuɗi na kwaikwayon masana'anta. Kwantar da hankalinka, wannan bai kai abin da zai hana ka barci ba.

Ka sauke DWSIM. Wani injiniya ɗan Brazil, Daniel Medeiros, shi ya rubuta ta, kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son ya ga yadda take lissafi. Tana aiki a Windows da Linux da macOS. Famfo, na'urar musayar zafi, tukunyar haɗa sinadarai, hasumiyar tacewa, duk za ka jawo su ka jera a allo ka haɗa su da bututu. Akwai kuma COCO, ita ma kyauta ce sai dai lambobinta a rufe suke, tana zuwa da ƙaramin samfurin ChemSep, wanda a ganina ya iya lissafin hasumiya ƙwarai. Dukansu suna bin ƙa'idar CAPE-OPEN, saboda haka ana iya ɗauko wani sashe daga waje a jona musu. In magana ta kai ga saurin haɗuwar sinadarai da konewar iskar gas, manhajar Cantera ce, a cikin harshen shirya manhaja na Python, amma bar wannan tukuna.

Inda nake so ka tsaya da yaran shi ne shafin da ake zaɓen tsarin lissafin halayen sinadarai, wanda kowa ke wucewa da sauri don ya kai ga zane. Ga aikin da zan ba su a makon farko da ni ne kai. Su haɗa ruwa da etanol, su tura cikin hasumiya a matsin iska na yau da kullum, su zaɓi dokar Raoult a wancan shafin. Su yi ta ƙara faranti, wato matakan tacewa, a hasumiyar, za su ga etanol na fitowa ta sama kusan zalla, manhajar kuma ba za ta ce uffan ba. To sai su canza zuwa NRTL, tsarin lissafin da ke lura da yadda ƙwayoyin sinadarai ke jan juna, kada su taɓa komai ban da wannan. Nan take tsabtar za ta cije a wajen kashi 95.6 cikin ɗari ta nauyi, ko sun ninka farantan. Dalili kuwa, a daidai wannan haɗin ruwan da etanol ɗin suna tafasa tare a digiri 78.2 na Salshiyas, tururin da ke tashi da ruwan da ya rage duk haɗinsu ɗaya, babu sauran abin da tafasawa za ta raba. Raoult ya ɗauka ƙwayoyin biyu ba ruwansu da juna, alhali ruwa da etanol ba haka suke zaune ba. Ka ja kunnensu su duba ko da nauyi manhajar take ba da kason ko da mol, wato yawan ƙwayoyi, don da mol abin kusan 89 ne, kuma a nan wasu ke rikicewa su ce lissafi ya lalace.

A cikin tsare-tsaren lissafin nan, Peng-Robinson, wadda aka fitar a 1976, ta dace da iskar gas da ɗanyen mai. NRTL, ta 1968, da UNIQUAC su ne na ruwaye masu jan juna irin barasa da ruwa. Ko an zaɓi daidai ma, a buɗe teburin alƙaluman da ke tsakanin kowane sinadari biyu a gani. Wani lokaci gurbin fanko ne, lissafi kuma ya ci gaba abinsa. In ka tarar da haka, wani tsarin mai suna UNIFAC na iya ƙiyasta su daga sassan ƙwayar, amma ƙiyasi ne, a gwada shi da bayanan ɗakin gwaji kafin a yarda.

Gaskiya a nan ne manhajojin kuɗi suka yi gaba: rumbun bayanansu ya fi girma nesa ba kusa ba, ga kuma wanda za ka kira in abu ya cije. Kamfanin da zai gina matatar gaske yana da hujjar biya. Ɗan aji uku mai koyon daidaita abin da ya shiga da abin da ya fita ba shi da ita.

Sai batun maido da ragowa baya. Da zarar bututu ya zagayo ya koma farko, lissafin ya zama na maimaitawa, kuma in aka bar shi ya fara daga sifili yana iya yin ta kai-komo ya ƙi zama. Su fara warware layin a buɗe, su ɗauki abin da ya fito a ƙarshe su ba shi a matsayin hasashen farko, sannan su rufe zagayen.

In ka haɗa hasumiyar etanol ɗin, turo mini fayil ɗin in duba kafin ka shiga aji da shi. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka