A Dasa Gamba da Jema a Ƙofar Gida, a Huta da Sayen Ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi maganar ciyawa, ko da wasu za su ga ba ta kai a rubuto wa jarida ba.

Shekara uku da suka wuce na sayi ciyawar nan mai kama da kafet wurin masu sayar da furanni a bakin titi, na shimfiɗa a ƙofar gidana a Hanwa. Da damina ta yi shar. Hunturu na shiga na fara sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, kura guda duk bayan kwana biyu, a garin da samun ruwan girki ma aiki ne. Duk da haka kafin ƙarshen Maris ta ƙone ƙurmus. Uwargida ta ce, "Malam, ruwan nan na yara ne ko na ciyawa?" Ban sami amsa ba.

Da ruwa ya zauna a watan Yuni na je gonarmu ta hanyar Shika, na haƙo tushen gamba, na rarraba, na dasa taku ɗaya-ɗaya a gefen tsakuwa. Tun da ta kama ban ƙara ba ta ko kofi guda ba. Saiwarta na nisa cikin ƙasa, shi ya sa takan daɗe da ɗanyen ganye bayan ɗaukewar ruwa, kuma ita ke fara tofowa da yayyafin farko. A Oktoba in ta fid da kai, iska na kaɗa ta da la'asar, wallahi masu wucewa tsayawa suke yi. Kyasuwa ma ta fito da kanta da jan gashinta, na bar ta. Bakin kwata kuwa jema na jera, ƙasar da ruwa ke zaizayewa ta tsaya.

Maƙwabta sun yi maganar maciji da gobara, kuma suna da gaskiya. Busasshiyar gamba wuta ce. Da aka kai ta Ostireliya don kiwo a shekarun 1930, ta bazu har ta zame musu annobar gobarar daji. A nan gida mun san maganinta: a Disamba nakan yanke ta saura kamu ɗaya, mai saƙar zana ya zo ya kwashe. Ba na dasa ta jikin bango, tsakanin tushe da tushe kuma a share yake.

Roƙona ga masu ƙawata shataletale da harabar makarantu da masallatai a Zariya, su gwada namu na gida. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana nazarin gamba don kiwo, ga kuma masana aikin gona a Samaru. Su taimaka su nuna wa masu sayar da furanni yadda ake renon tushenta a leda kafin damina mai zuwa.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Hanwa, Zariya.