Ranka ya daɗe Ciyaman, a sa maganar matsallakar jirgi a bajet ɗin bana

Assalamu alaikum, mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma.

Ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya, ya ƙoƙari ya jama'a. Na so a ce a ofis zan kawo maka wannan magana baki da baki, to sau uku ina zuwa ana ce min kana mitin, takardar da muka rubuta bara kuma har yau ban san teburin da ta kwana ba, shi ya sa na ce bari in rubuto a fili kowa ya gani, in na yi kuskure a gyara min.

Maganar matsallakar layin dogo ce, inda titinmu ya ratsa hanyar jirgi. Kai ma ka san wurin, ka sha bi ta nan da jerin motocinka, sai dai ku in za ku wuce akwai masu share muku hanya, ba ka taɓa tsayawa ka ga yadda wurin yake da ƙarfe bakwai na safe ba. Sandar get ɗin ta karye tun yaushe, rabinta na nan a jingine an ɗaure da igiya, allon gargaɗin ya koɗe har ba a gane abin da aka rubuta, masu talla sun manna takardu a kan ragowar. Ƙararrawa kuwa yaran da aka haifa kwanan nan ba su ma san wurin ya taɓa samunta ba. Abin da ke tsare rayukan mutane a wurin yanzu wani dattijo ne da jan ƙyalle a hannu, ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba mai biyansa, in ya ji kukan jirgi sai ya fito tsakiyar titi yana ɗaga hannu, wasu su tsaya wasu su zage shi su wuce. Ranar da bai da lafiya kuma shikenan, kowa tasa ta fisshe shi.

Ni kaina daminar da ta wuce na ɗauko 'yata a babur za mu makaranta, an yi ruwa da asuba, kwaltar da ke tsakanin ƙarafan biyu ta zaizaye ta zama rami, ruwa ya rufe ramin ban gani ba, tayar gaba ta faɗa ta maƙale a jikin ƙarfen, babur ya mutu. Ina ta kiki yana ƙin tashi sai na ji ƙarfen yana wani irin tsuwa a ƙarƙashin ƙafata, wanda ya zauna kusa da layi ya san wannan ƙarar. Na waiga ban ga komai ba saboda ciyawa ta fi tsayin mutum a daidai kwanar. Wallahi ban san lokacin da na sungumi yarinyar na yi gefe ba, wasu samari biyu ne suka fizge babur ɗin, ko minti ɗaya ba a yi ba jirgi ya wuce. Takalminta ɗaya a nan ya tsaya. Har yau in mun zo wurin sai ta ƙanƙame min riga ta rufe ido.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba mu ita sau da yawa: layin dogo ba na ƙaramar hukuma ba ne, na hukumar jirgin ƙasa ne. Gaskiya ne, ban musa ba. Su kuma in ka je wajensu su ce ai nasu ƙarfe ne da abin da ke jikinsa, titi na masu titi ne. To mu da muke bi ta wurin kullum na waye? An bar mu a tsakiya kowa na nuna ɗan uwansa da yatsa. Kuma in an duba da kyau rabin abin da ke kashe mutane a irin wannan wuri ba a kan ƙarfen yake ba, a kan titin yake, mita ɗari kafin ka iso da mita ɗari bayan ka wuce, wannan kuwa naku ne ba wanda zai ce ba naku ba ne.

Bari in ɗan tsaya a kan jirgin kansa, don na lura har cikin masu ilimi akwai masu ganin kamar direban jirgi yana iya taka birki ya tsaya irin na mota. Ba ya iyawa. Tayar ƙarfe ce a kan hanyar ƙarfe, ba ta kama ƙasa irin yadda roba ke kama kwalta, ga nauyi na dubban tan a bayansa yana turo shi. Jirgin kaya mai dogayen taragai da ke gudun kilomita 90 a awa, in direba ya ja birkin gaggawa yanzu, sai ya ci fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Ma'ana lokacin da ya hango mota a kan layi aikin gama ya gama, abin da ya rage masa kawai ya danna hon ya yi salati. Ba shi da sitiyarin da zai kauce. Sannan akwai yaudarar ido, abu in yana da girma sosai kuma yana tunkaro ka kai tsaye sai ka ga kamar a hankali yake tafiya kuma yana da nisa, shi ya sa za ka ga mutum mai hankalinsa ya ce bari in yi wuf in wuce. Ba duka ne ganganci ba, wani idonsa ne ya yi masa ƙarya. Don haka duk wanda ya ce a bar mutane su riƙa lura da kansu, bai san abin da yake faɗa ba, ta yaya zan lura da abin da ciyawa da shagunan katako suka tare min?

Kuma ba mu kaɗai ba ne, duniya ta sha ganin irin wannan. A watan Nuwamba na 2012 a ƙasar Masar, kusa da Manfalut a yankin Asiyut, jirgi ya kwashi motar 'yan makaranta a matsallaka, kusan yara 50 suka rasu, ƙananan yara, get ɗin a buɗe yake lokacin da jirgin ya iso. Ministan sufuri ya ajiye aiki a ranar, to ajiye aikinsa ya dawo da ɗan wa? A Indiya ma a watan Afrilu na 2018 yara 13 suka mutu a Kushinagar a matsallakar da ba mai gadi, bayan nan gwamnati ta tashi haiƙan, zuwa farkon 2019 ta sanar cewa ta kawar da duk matsallakan da ba su da mai gadi a manyan layukanta. Abin da aka yi shekaru ana cewa da wuya, cikin watanni aka gama shi da aka ga gawarwakin yara.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai na Amurka ne, don kamar labarinmu aka ɗauka. A watan Yuni na 2022 kusa da wani ƙaramin gari Mendon a jihar Misuri, jirgin fasinja na kamfanin Amtrak ya daki wata tifa a matsallakar da ba fitila ba get, jirgin ya kauce daga layi, mutum huɗu suka mutu, sama da ɗari suka jikkata. Manoman wurin sun daɗe suna kuka cewa hawan titin zuwa kan layin ya yi tsayi kuma ba a hango jirgi sosai. Wurin ma yana cikin jerin wuraren da jihar ta tsara gyarawa, an ƙiyasta aikin kusan dala 400,000. Yana cikin takarda, ranka ya daɗe, an san da shi, an ma yi masa lissafi, kawai ba a kai ga yi ba. Ƙasa mai kuɗi irin wannan kenan. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne sanya abu a jerin “za a yi” ba ya tsayar da jirgi.

Toh me muke nema? Ba gadar sama na ce ka gina mana ba, na san wannan ya fi ƙarfin asusun ƙaramar hukuma, kodayake ita ce maganin gaske, in titi ya bi ta sama ko ta ƙasa jirgi da mota ba za su taɓa haɗuwa ba. Wannan a bar shi a matsayin abin da za ka riƙa bi a sama. Abin da nake roƙo a ware masa layi nasa a bajet ɗin bana, da sunansa, ba a cusa shi cikin “gyaran hanyoyi da sauransu” ba, don mun san abin da ke faruwa da duk abin da ya faɗa cikin “da sauransu”.

A fara da sare ciyawar nan da matsar da rumfunan da suka tare kwana, a riƙa yi duk damina ba sau ɗaya don hoto ba. Wannan leburori ne da adda, kwana biyu an gama. A cike ramin da ke tsakanin ƙarafa a daidaita shi da titi yadda taya ba za ta maƙale ba, na san wannan sai da izinin mutanen jirgi da injiniyansu a tsaye, to a rubuta musu a ce ga kuɗin kayan aiki mun kawo, ku turo mutum, mu ga wanda zai ƙi. A gyara magudanar ruwa don ruwan da ke kwanciya shi ke cinye kwaltar. Alluna sababbi masu ƙyalli da dare tun daga nesa, tudun rage gudu kafin a iso, farin layi a ƙasa inda mota za ta tsaya, fitilun sola guda biyu ko uku. Da allo mai lambar wayar da za a kira in mota ta mutu a kan layi, lambar da ake ɗauka fa.

Akwai kuma abu ɗaya da ba kowa ke lura da shi ba, tashar da motocin haya suka ƙirƙira dab da matsallakar ta ɗaya gefen. In suka tsaya ɗaukar fasinja sai layin motoci ya taru har kan ƙarfe, wanda ke tsakiya ba gaba ba baya. Irin wannan ne ya faru a 1995 a wani gari kusa da birnin Shikago na Amurka, motar makaranta ta tsaya a jan danja bayan ta tsallaka, ashe gindinta bai gama fita daga layi ba, jirgi ya same ta ɗalibai bakwai suka mutu. Matsar da tashar nan gaba kaɗan ko kwabo ba zai ci ba, magana ce kawai da shugabannin direbobi, kuma suna jin maganarka, lokacin kamfe ai ka san inda suke.

Shi kuma dattijon nan, don Allah a dube shi. Ko a ɗauke shi aiki a haɗa shi da wasu a riƙa canji dare da rana, a ba su horo da riga mai ƙyalli da fitila da hanyar da za su san jirgi ya taso tun kafin su ji kukansa, ko a sa wasu a sallame shi da mutunci. Mutum ɗaya ba zai iya tsaron wuri awa 24 ba, barci ɓarawo ne. Get mai sauka da kansa da fitila da ƙararrawa shi ne babban aikin, kuma na jirgi ne su haɗa shi da siginal ɗinsu, amma in kuka je da naku kason a hannu da ƙididdigar motocin da ke bi a rana da hotunan wurin, maganarku za ta fi nauyi a kan ta wanda ya je da baki kawai. A sa ma'aikata biyu su zauna sati ɗaya da littafi da biro suna ƙirgawa, ai akwai su da yawa a sakatariya da ba abin da suke yi sai karatun jarida, Allah ya ba su haƙuri.

Ba zan ɓoye laifinmu ba, mu ma muna da shi. Na ga mai babur ya kutsa ta gefen dattijon yana dariya, na ga matashi da abin sauraro a kunne yana tafiya a tsakiyar layi, na ga masu bin bayan jirgi da zarar taragon ƙarshe ya wuce ba tare da sun duba ko wani na zuwa ba. Wannan sai da wayar da kai, kuma makarantun firamare a hannunku suke, me zai hana a shiga aji a gaya wa yara? A gaya wa direbobi in mota ta mutu a kan layi a fita a bar ta, a gudu gefe ta ɓangaren da jirgin ke tahowa don tarkacen gaba yake watsuwa, mutane da yawa ba su san wannan ba, ni ma sai bayan abin da ya same ni na sani. Amma kar a fake da laifinmu a ƙi yin aikin, a bar jaki ana dukan taiki.

Za a ce ba kuɗi. Ranka ya daɗe ranar da abin ya faru, Allah ya kiyaye, kuɗi za su fito. Za a samu na man motocin zuwa ta'aziyya, za a samu na asibiti, za a kafa kwamitin bincike a biya su alawus su zo su rubuta abin da na rubuta maka yau kyauta. Ihu bayan hari kenan. Wannan kuɗin nake roƙo a kashe yanzu tun yaran suna da rai.

Ina kira ga kansilanmu shi ma, kar ya yi shiru ranar zaman bajet, mu za mu zo mu zauna a baya mu ji da kunnenmu. Kai kuma alfarma ɗaya nake nema kafin ranar, ka zo wurin da safe ranar makaranta, ba jiniya ba 'yan rakiya, ka tsaya kusa da dattijon nan minti talatin kacal ka jira jirgin safe. Zan kasance a wurin, ni ne mai baƙin babur da yarinya a baya.

Na gode, Allah ya taya riƙo.

Naka,
wani uba da ke tsallaka layin sau huɗu a rana