Sanarwa kan darasin Turanci na ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Asabar bayan La'asar za mu zauna kan can, must, should, could da would. Ku riƙe wannan tun yanzu: ba a sa to bayansu, kuma ba a ƙara musu s. She can go ake cewa, ba she cans to go ba.

Furuci kuwa, nan Faransancin lakwal ke kayar da mu. L ɗin should, could da would ba a faɗinsa sam. H ɗin house kuma sai an ji shi, kada a haɗiye. Th, harshe tsakanin haƙora, ba z ba.

Masu zuwa sari Katsina da Kano, ku fa nake nufi. Kowa ya turo muryarsa da jimla 3 kafin Juma'a.