Mutumina na Sidni, ka tuna fim ɗin tankar mai?

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya madam da yara, ya kuma zaman baƙunta. Mu nan sai godiya. Hajiya tana gaishe ka, ta ce wai tunda ka tafi ƙasar da ake rana lokacin da mu muke dare ka manta da ita, na ce mata ba haka ba ne, karatu ne ya riƙe ka.

Abin da ya sa na zauna rubuto maka wannan doguwar wasiƙa ba wani babban abu ba ne, kar ka tsorata. Daren Juma'a ne barci ya ƙi zuwa, sai na lalubo wani tsohon fim a waya, kuma minti biyar da farawa na gane shi. Ka tuna gidan kallon nan na bayan kasuwa inda muke zama a benci, mai gidan yana riƙe da tocila yana ƙirga kawuna? Ka tuna fim ɗin da muke kira "mai tanka", wanda jarumin ke yawo da kare yana cin abincin gwangwani? To ashe sunansa Mad Max 2, na shekarar 1981, kuma a ƙasar da kake zaune yanzu aka yi shi. Mu a lokacin duk Baturen fim ɗan Amurka ne a wajenmu, ina muka san wata Ostireliya.

Da na gama kallo sai na shiga karanta sharhin masu kallo, wallahi har aka kira assalatu ina ciki. Nan ne fa raina ya ɗan ɓaci, shi ya sa na ce bari in amayar maka.

Mafi yawa yabo ne, gaskiya. Sai dai kusan duk yabon a waje ɗaya yake tsayawa: motoci. Wai babu aikin kwamfuta, mota ta gaske ce take karo da mota ta gaske, mutum na gaske ne yake tashi sama. Wannan kam haka ne, har akwai inda wani ɗan wasan kasada mai suna Guy Norris ya tashi daga kan babur ya yi ta wulwulawa a iska, ashe karaya ya yi da gaske a ƙafa kuma aka bar hoton a cikin fim ɗin. Ka ga ai dole a jinjina musu. Shi daraktan, George Miller, likita ne ma kafin ya koma harkar fim, ya sha ganin waɗanda suka yi hatsarin mota a asibiti, ƙila shi ya sa karon motocinsa ke sa tsikar jiki tashi.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, masu ƙorafi, yawancinsu da alama yara ne da suka fara da Fury Road, kashin Mad Max na 2015, sannan suka dawo baya. Su kukansu wai babu labari, wai jarumin ba ya magana, wai kayan da 'yan ta'addar suka sa abin dariya ne. Maganar kaya ban musa ba, shi babban bos ɗin, Humungus, ƙato ne tsirara-tsirara da murfin fuska na ƙarfe, ga yaronsa Wez da jan gashi tsaye kamar zakara, ko a gidan kallo ai dariya muka yi musu. Rashin magana ma gaskiya ne, ana cewa duk maganar Mel Gibson, wanda ya fito a matsayin jarumin, wato Max, a fim ɗin ba ta wuce jimla 16 ba. Na ce a raina masu fassara fim da Hausa in suka samu wannan sai sun ƙirƙiro masa zance daga aljihunsu.

Amma a ce babu labari? Haba. Kai da ka taso kana jin tatsuniya a ɗakin kaka ai ka san irin wannan labarin. Muryar wani tsoho ce ta buɗe fim ɗin, yana tuno abin da ya faru tun yana ƙarami, sai a ƙarshe ka gane ashe shi ne wannan yaron daji mai gurnani, mai jifa da lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke dawowa hannunsa, ya girma ya zama shugaban ƙabila. To yaro me zai riƙe game da baƙon da ya kwana biyu a garinsu ya wuce? Ba zai riƙe hirarsa ba. Zai riƙe motarsa, da karensa, da ɗan akwatin kiɗan da ya ba shi kyauta. Shi ya sa Max ba ya magana, a bakin wani muke jin labarinsa. Ni dai sharhi kaɗan na gani da suka tsaya a kan wannan, sauran duk ihun injin ya tafi da su.

Sai kuma maganar mai, wadda ita ce ta fi tsaya min.

Da muna yara ban taɓa tambayar kaina me ake faɗa a kai ba, mu dai a yi karo mu yi tafi. Yanzu da na sake kallo da furfura a gemu, tun farkon fim ɗin jikina ya yi sanyi: mota ta kife, mai yana ɗiga, Max ya ruga da 'yan kwanoni yana tara, har da tsumma yana dangwalowa a ƙasa. Masu sharhi da yawa suna kiran wannan hasashe mai ban mamaki, duniyar da ba a taɓa gani ba. Ni kuwa na kwana a layin mai, na ga mutum ya tuɓe riga a kan wa ya riga wa, na sayi galan a hannun 'yan bumburutu wanda daga baya ya kusa kashe min inji. Kana can lokacin da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ka ga yadda titi ya yi shiru ba. Ban ce mun kai ga duniyar Max ba, Allah ya kiyaye, amma yadda idon mutum ke canzawa in ya ga jarka cike, wannan ba sai an yi min bayani ba. Kuma su ma masu fim ɗin ba daga sama suka ɗauko ba, rikicin mai na 1973 da dogayen layukan da ya haifar yana cikin abin da ya ba su tunanin labarin tun daga kashi na farko.

Akwai wata tambaya da wasu ke yi wadda ta ba ni dariya, wai in har mai ya yi wannan tsadar me ya sa 'yan ta'addar ke ƙona shi dare da rana suna zagaye da babura a bakin 'yar matatar man da wasu mutane suka killace kansu a ciki. Wanda ya yi wannan tambayar bai taɓa ganin mutum ya ƙone lita biyu yana yawon neman gidan man da zai sayar masa da lita ɗaya ba.

Yanzu ga inda nake so in ji ra'ayinka. Ka tuna ƙarshe? An yi ta gumurzu a kan tankar kusan minti 13, mutane sun mutu, Pappagallo shugaban mutanen matatar ya mutu, tanka ta kife, Max ya taso da ƙyar ya tara hannu sai ga yashi yana zuba. Ashe man yana cikin durom-durom a motocin da suka bi wata hanya da mata da yara. Masu kallo sun rabu biyu a nan, wasu sun ce ya sani tun farko, wasu sun ce yaudararsa aka yi. Ni ina tare da na biyun. Dubi yadda ya tsaya yana kallon yashin a tafin hannunsa, wannan ba kallon wanda ya sani ba ne. Sun yi amfani da shi ne kawai, kuma ba zan ce sun yi laifi sosai ba tunda shi ma da farko ba don Allah ya taimake su ba, ciniki ya yi, in kawo muku kan mota ku cika min tanki. Sai da aka ragargaza motarsa aka kashe karensa, ba shi da komai, sannan ya ce shi zai tuƙa. Kuma ɗan murmushin nan da suka yi wa juna shi da dogon mutumin nan mai ƙaramin jirgi, ni a ganina murmushin wanda aka yi wa wayo ne kuma ya yarda an fi shi. Kai me ka gani? Na san halinka, za ka ce ya sani don kawai ka ja ni musu.

Af, kare. Ka san abin da ya fi ba ni mamaki, mutane nawa suka mutu a fim ɗin amma masu sharhi mutuwar karen ce ta fi damunsu. Da farko na ce Turawa da karnuka sai Allah, amma da na tuna, mu ma fa a gidan kallo shiru muka yi a wajen. An ce daga gidan ajiye karnukan da ba su da masu su aka ɗauko shi.

Wani abin kuma, in ka nema a can ƙila ka ga an rubuta The Road Warrior, duk shi ne. Sunan da aka sa masa a Amurka ke nan a 1982 saboda ba su san na farkon sosai ba.

To ga roƙona. A kusa da Broken Hill aka ɗauki fim ɗin, cikin jiharku ta New South Wales, kuma akwai wani ɗan ƙauye Silverton, kilomita kamar 25 daga garin, inda aka buɗe gidan tarihi na fim ɗin kacokan. Na duba taswira, daga Sidni ya haura kilomita 1,000, na san ba nan kusa ba ne, amma kai da ka sha Kano zuwa Legas a motar dare ai ba za ka ji tsoro ba. Can ma aka so a ɗauki Fury Road, sai ruwan sama ya sauka hamadar ta yi kore shar har da furanni, dole suka kwashe kaya suka koma Namibiya. In an yi hutu ka daure ka je, ka tsaya a kan titin nan ka ɗauko min hoto, kuma don Allah ka cika tanki kafin ka tashi.

Ka gaida madam, ka shafa min kan yara. Maganar filin nan kuma har yanzu mai shi bai sauko ba, zan kira ka ranar Lahadi bayan la'asar ɗinmu in ba ka yi barci ba.

Naka,
abokin bencinka na gidan kallo