Karɓar Koke Daban, Biyan Haƙƙi Daban

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan takardun koke da talakawa ke kai wa majalisun dokoki, musamman tsofaffin ma'aikata masu bin bashin fansho da garatuti, da waɗanda aka karɓe wa filaye suna jiran diyya, da waɗanda ambaliya ko gobara ta ɗaiɗaita suna neman agaji.

Kai kuka gaban wakilai tsohon haƙƙi ne, kuma tun asali matsalarsa ɗaya ce. A shekarar 1783 wata tsohuwa mai suna Belinda, wadda aka sato daga Afirka tana yarinya ta shafe shekara hamsin tana bauta a gidan Isaac Royall, ta kai koke majalisar jihar Masacusets ta Amurka tana neman a ba ta wani abu daga dukiyar ubangidanta da ya gudu Ingila. Majalisar ta amince a riƙa ba ta fam 15 da sule 12 duk shekara. Sai dai biyan bai ɗore ba, har ta kai ga tsohuwar, wadda ba ta iya rubutu ba sai dai ta sa alama a ƙasan takarda, ta yi ta komawa da sabon koke a kan abin da aka riga aka yanke mata.

Wanda duk ya taɓa raka ɗan fansho majalisa ya san wannan labarin bai tsufa ba. A Majalisar Tarayya ta Nijeriya, sai mai koke ya samu ɗan majalisar da zai gabatar da takardarsa a zaure, sannan a miƙa ta ga kwamitin sauraron koke-koken jama'a, a sa ranar zama. Dattijo zai zo da tsohuwar jaka cike da takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma, da ta ritaya, da shaidar tantancewar da aka yi masa, ya zauna tun safe, a ƙarshe a ce shugaban hukumar da ake ƙara bai samu zuwa ba, an ɗage zama. Alhali sashe na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisa ikon sammacin kowa, har da ba da izinin kamo wanda ya ƙi amsa gayyata ba tare da uzuri ba. Idan kuma aka yi sa'a rahoto ya fito zaure ya amince da shi, matsayar majalisa ba hukuncin kotu ba ce, kuma ba ta zama kuɗi sai an saka ta cikin kasafi. Wa'adin shekara huɗu yana cika, sau da yawa sai mai koke ya sake sabon lale.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu koken fansho ba alfarma suke roƙo ba. Sashe na 173 ya hana a riƙe wa ma'aikacin tarayya fanshonsa ba bisa doka ba, ya kuma wajabta a sake duba fansho duk bayan shekara biyar ko lokacin da aka sake duba albashi, sashe na 210 kuma ya yi wa ma'aikatan jihohi irin wannan tanadi. Saboda haka idan koke iri ɗaya ya yi ta zuwa daga mazaɓu daban-daban, kukan kurciya jawabi ne: akwai dokar da ba a aiki da ita, ko wadda ke da giɓi. Majalisar Amurka ta gane haka bayan koke-koken tsofaffin sojojin yaƙin neman 'yanci sun yi mata yawa, ta yi dokar fansho ta bai ɗaya ga mabuƙata daga cikinsu a 1818, sannan a 1855 ta kafa kotu ta musamman domin masu bin gwamnati bashi.

Ina kira ga majalisunmu, na tarayya da na jihohi, da su riƙa wallafa jerin koke-koken da suka karɓa tare da ranar shigowar kowanne da inda aka kwana a kansa, su kuma gyara ƙa'idojinsu yadda koken da ba a kammala ba zai wuce kai tsaye zuwa sabuwar majalisa. Sannan duk hukumar da ta zo kare kasafinta, a fara tambayarta mutum nawa ta biya cikin waɗanda majalisa ta ce a biya, kafin a amince mata da ko sisi.

Wassalam,
Wani mai bibiyar jaridarku