Mai kiɗan lantarki ma makaɗi ne, in ya ƙera abin kiɗansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in mayar wa wani marubucinku martani, wanda ya ce mai kiɗan lantarki madannin maɓalli ne kawai. Yana da gaskiya ta wani ɓangaren. In ka ga mutum a dandamali ya duƙufa kan kwamfuta, ba za ka iya rantsewa ko kiɗa yake yi ko saƙo yake karantawa ba. Sai dai akwai masu ƙera abin kiɗansu da hannunsu, ni ma shekara uku ke nan ina yi da dare, in na tashi daga gyaran rediyo da amfilifaya.

Abin ya daɗe. Tun wajen 1920 Lev Termen ya ƙera na'ura mai eriya biyu a Rasha, hannu ɗaya na juya kaifin sauti, ɗayan na juya ƙarfinsa, ba tare da an taɓa komai ba. A 1984 kuma, shekara guda bayan fitowar MIDI, wato tsarin da kayan kiɗan lantarki ke aika wa juna umarni da lambobi, wani makaɗi mai suna Michel Waisvisz ya hau dandamali a Amsterdam da sansa ɗaure a hannuwansa. Sansa ita ce 'yar na'urar da ke jin bugu, matsi, haske ko motsi, ta mayar da shi lantarki.

Nawa na farko akwatin katako ne. Na liƙa faifan fizo, wato sansar da ke jin bugu, a ƙarƙashin murfin, na sa masa razista (abin rage gudun lantarki) mai megom 1, na haɗa da allon Arduino Uno, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni. Allon yana karanta ƙarfin bugu daga 0 zuwa 1023, MIDI kuwa 0 zuwa 127 ya sani, sai ka raba da takwas. Aikin dalma da waya bai ci min yini guda ba. Wahalar tana gaba. Na buga sau ɗaya, sifika ta amsa sau biyar, don katako ba ya daina rawa nan take. Dole na umarci allon ya toshe kunne na ɗan lokaci bayan kowane bugu. Da na tsawaita toshewar, sai ya riƙa haɗiye bugun sauri. Mako biyu ina wannan ciniki.

Sai jinkiri. Lambobin sansa suna karkarwa ko hannu na tsaye cik, kuma maganin shi ne ka tara karatu da yawa ka ɗauki matsakaicinsu. Amma duk karatun da ka ƙara, sauti na ƙara makara. Masu wannan sana'a suna neman kada tazarar bugu da sauti ta wuce milisakan 10 (milisakan dubu ne sakan ɗaya), kuma hannu yakan riga kunne gane an makara. Na gwada sansar auna nisa, mai aika sautin da kunne ba ya ji ta jira amsa kuwwa. An so a bar kusan milisakan 60 tsakanin awo da awo, don haka ta dace da jan sauti a hankali, ba ta dace da bugu ba ko kaɗan.

Wanda ya buɗe min ido abokina ne, makaɗin ganga da bai san komai a lantarki ba. Ya buga minti biyu ya ture akwatin, ya ce abin ba shi da rai: ko ka buga da ƙarfi ko a hankali, muryar ɗaya ce, ƙara kawai ke sauyawa. Fatar ganga ba haka take ba. Na koma Pure Data, manhajar da ke samar da sautin, na ɗaura ƙarfin bugu a kan ƙara da kaifi da tsawon sauti gaba ɗaya. Ya kuma ce iska ba ta ture hannu, sai na cire sansar nisa na sa ta matsi, na rufe ta da roba mai kauri.

Laifina mafi girma shi ne kwaɗayin gyara. Duk mako sai na sauya abin da kowace sansa ke yi, ashe kullum ina mayar da kaina ɗan koyo. Wata takwas ke nan ban taɓa tsarin ba, sai atisaye na rabin awa kowane dare. Har yanzu hannuna na hagu yana makara wajen sakin matsi, kuma na auna, ba laifin allon ba ne.

Naka,
Wani mai gyaran rediyo